Dala 589 ko dala 232: yadda wani sutudiyon bidiyon biki a Kano ya zaɓi furosesa

Sutudiyon ƙarami ne, shago guda a wani layi da ke bayan Zoo Road a Kano, kuma abincinsu daga bidiyon biki yake fitowa: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, dina, wani lokaci walimar saukar karatu. Mai shagon shi ke riƙe kyamara. Yaronsa, wanda ya koyi aiki a hannunsa, shi ke kwana gaban kwamfuta yana tacewa. A ƙarshen 2024, ana gab da shiga Disamba, lokacin da bukukuwa ke yi musu yawa, aikin tacewa ya soma taruwa, masu biki suna ta waya suna tambayar bidiyonsu. Mai shagon ya yanke shawarar haɗa sabuwar kwamfuta, aka kira ni in duba jerin kayan da za a saya, tunda haɗa kwamfuta da gyaranta ne sana'ata.

Jerin da ya miƙo mini yana da Core i9-14900K a layin farko, wato furosesan kamfanin Intel, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wani abokinsa ne ya ce masa shi ne mafi ƙarfi a kasuwa, shi kuma ya ce mini: "Injiniya, na gaji da wahala. Gara in sayi babba sau ɗaya in huta." Na fahimci dalilinsa, kuma ban raina shi ba. Mutumin da ya ga aikinsa na neman kuɓuce masa ba ya son rabin magani. Sai dai kafin a ce ga maganin, na roƙe shi ya bari mu ga inda ciwon yake.

Inda aikin ke tsayawa

Tsohuwar kwamfutar tasu tana da Core i7-4790, furosesan 2014 mai ƙwayoyin aiki 4 da zare 8 (layukan aikin da yake ja a lokaci guda), da ram DDR3 na 16GB, da katin hoto GTX 1660 Super da aka ƙara mata daga baya. Ta yi musu hidima shekaru, lokacin da suke ɗaukar 1080p. Matsala ta faro ne bayan da suka sayi Canon EOS R6 suka koma ɗaukar 4K da tsarin Canon Log.

Ba don gayu suka koma ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dina a zauren taro ya san halin da ake shiga: fitilu masu launi suna juyawa, ango cikin farar shadda mai sheƙi, amarya cikin leshi mai duwatsu da ke mayar da haske, fuskoki kuma baƙaƙe ko wankan tarwaɗa. Idan ka gyara haske don fuska, shaddar ta ƙone ta zama fari fat ba zane; idan ka gyara don shadda, fuska ta nutse. Canon Log yana ajiye bayanan haske da na duhu da yawa, a gyara daga baya. Idan R6 tana wannan tsari, fayil ɗin da take rubutawa H.265 ne, wani salon matse bidiyo, mai bit 10, mai tsarin launi 4:2:2. Bit 8 yana ba kowane launi matakai 256, bit 10 kuwa 1,024. Shi kuma 4:2:2 yana riƙe bayanan launi ninki biyu na 4:2:0 da yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori ke amfani da shi. Hoto mai kyau ne ƙwarai, amma matse yake matuƙa, kuma sai kwamfuta ta warware kowane firam kafin ta nuna shi.

Na ce wa yaron ya buɗe aikin da yake kai a Premiere Pro, manhajar da yake tacewa da ita, ya kunna bidiyon, ni kuma na buɗe Task Manager a gefe, shafin Windows da ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauka. Furosesa ya hau ɗari bisa ɗari ya maƙale a can, fanka na ta gurnani, hoton yana tafiya yana tsayawa, sautin kalangu ya wuce gaba ya bar 'yan rawa a baya. Na koma shafin katin hoto, na duba layin da ke nuna aikin warware bidiyo: a kwance yake, sifiri. Katin da suka kashe kuɗi a kansa yana zaune ba ya taɓuka komai a wannan aiki.

Dalili kuwa sananne ne. Katunan Nvidia na wancan lokaci, daga jerin GTX 16 har zuwa RTX 40, suna da sashe na musamman mai warware H.265, amma ba ya karɓar 4:2:2. Haka ma katunan AMD. Idan fayil irin wannan ya zo, sai a jefa wa ƙwayoyin furosesa su yi ta fama da shi da ƙarfin tuwo. Abin da ke iya warware shi kai tsaye a kwamfutar tebur ta Windows a lokacin shi ne sashen bidiyo na Intel da ake kira Quick Sync, wanda ke cikin ƙaramin injin hoto da aka gina a jikin furosesa, daga ƙarni na 11 zuwa sama, da kuma katunan Intel Arc. Sababbin sigogin Premiere Pro suna amfani da shi, haka ma DaVinci Resolve Studio.

Da wannan ya bayyana, tambayar ta sauya. Mai shagon ya zo yana neman furosesan da ya fi kowanne gudu. Abin da shagon ke bukata shi ne wanda zai kunna fayilolin R6 ba tare da tsayawa ba, ya kuma jure zafin Kano da wutar batir.

Akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo, kuma na faɗa musu ita tun farko: a riƙa yin ƙananan kwafi masu sauƙi na kowane bidiyo, a tace da su, sai wurin fitar da aiki a koma kan na asali. Yaron ya ce yana yi, amma a tsohuwar kwamfutar yin kwafin kansa yakan cinye dare, alhali yanzu ƙawayen amarya washegari da safe suke son gajeren bidiyon da za su ɗora a Instagram da TikTok. Wanda ya kai musu bayan kwana uku, wani bikin ba za a kira shi ba. Ga kuma Windows 10 da aka sanar za a daina tallafa masa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance ba ya karɓar furosesan Intel da ya gaza ƙarni na 8, ban da 'yan ƙalilan, nasu kuwa na ƙarni na 4 ne. Sayen sabuwa dai ya zama dole.

Babban da mai shago ke so

Core i9-14900K ya fito a Oktoba 2023 a kan dala 589. Yana da ƙwayoyi 24, wato manya 8 da ƙanana 16, zare 32, yana kuma taɓa 6.0GHz. Yana da Quick Sync, saboda haka zai warware matsalar. Ba wanda ke musun ƙarfinsa. Abin dubawa shi ne abin da yake jawowa a bayansa.

Ba ya zuwa da fanka a kwalinsa. Iyakar wutar da kamfanin ya rubuta masa idan ya buɗe wuta wat 253 ce, kuma madabod da yawa, wato allon da ake ɗora furosesa da sauran kaya a kai, sun riƙa sakin masa mara ya wuce haka. Zafin da wannan wuta ke haifarwa sai babbar na'urar sanyaya ta ruwa mai fanka uku ko wata ƙatuwar ta iska, ita kuma sai akwati mai faɗi. Yana son madabod mai ƙarfin sashen wuta, galibi Z790, da fawa fak mai girma, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi takwaransa na matsakaicin furosesa tsada. Dala 589 kuɗin shiga ne kawai.

Sannan ga yanayi. Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube a ɗakuna masu sanyi ake yin su. A Kano, watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, shagon kuma iyakwandishan ɗinsa sai da wutar layi yake aiki. Idan furosesa ya kai digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Ka biya kuɗin gudun da ɗakinka ba zai bari ka gani ba. Da hunturu kuma ƙura ke toshe raga da fankoki, na'urar ruwa kuwa idan famfonta ya mutu, neman madadinsa a nan ba abu ne na yini guda ba.

Batun wuta ya kamata a yi masa adalci, don ana yawan zuzuta shi. Tsakanin wat 253 na i9 da wat 154 na matsakaicin furosesan da za mu zo kansa akwai wat 99. Ko da za a ce dukansu suna aiki a ƙololuwa awa shida a rana, wanda ba haka ake yi ba, bambancin bai kai kilowat-awa 0.6 cif ba. A farashin wutar layi na rukuni mafi tsada, Band A, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa a Afrilu 2024 sannan ya tsaya a 209.5 daga Yuli, kuɗin bai wuce naira ɗari da 'yan kai a rana ba. Wannan ba ya hana sayen komai. Inda abin ke cizo shi ne batir. Shagon da inbata yake aiki yawancin dare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe. Ke nan wannan bambanci kaɗai zai iya cinye rabin abin da batir guda ke bayarwa. Idan batir ya kwanta kuma sai janareto, man fetur kuwa tun cire tallafi a Mayu 2023 yake hawa, a ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu a wurare da dama.

Abin da ya fi damuna shi ne wani abu dabam. A cikin 2024 ne aka tabbatar da cewa manyan furosesoshin Intel na ƙarni na 13 da na 14 suna da matsalar neman wuta fiye da kima, abin da ke gajiyar da su a hankali har kwamfuta ta riƙa rufe manhaja ko mutuwa a tsakiyar aiki. Kamfanin ya amince da haka a Yuli, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, manhajar da ke jikin madabod, a Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba. Wanda ya riga ya taɓu ba ya warkewa, sai dai a canza shi. Ga mai saye a Amurka ko Jamus, wannan aika saƙo ne da jiran kwali. Ga mai saye a Kano, wanda kayansa suka biyo ta Dubai ko Chaina ta hannun 'yan kasuwa biyu ko uku, garantin da yake da shi a zahiri shi ne na mai shagon da ya sayar masa, sau da yawa na 'yan makonni. Kuma ba yadda za a yi ka gane da ido ko i9 da aka miƙo maka ba a kwali ba sabo ne ko wani ya gaji da shi ya sayar.

Na shimfiɗa masa duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To amma ai an ce ya ninka sauran gudu." Gaskiya ne, a Cinebench, manhajar gwajin da ake yawan nunawa, i9 ɗin yana kusan ninka matsakaicin i5 na ƙarninsa. Sai dai Cinebench zanen hoto mai fuska uku yake aunawa, aikin da ke raba kansa daidai ga kowace ƙwaya. Yaron shagon ba wannan yake yi ba. Yankawa yake, da jera hotuna a kan kiɗa, da gyaran launi wanda katin hoto ke ɗauka, da fitar da bidiyo a salon H.264 wanda shi ma sashe na musamman ke matsewa. A mafi yawan yininsa, rabin ƙwayoyin i9 za su zauna suna jira.

Masu araha da 'yan kasuwa suka kawo

Da muka shiga Beirut Road tambayar farashi, shawarwari suka juya ɗaya gefen. Wani mai shago ya ce mu ɗauki Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ƙwayoyi 6, zare 12, wat 65, da fanka a kwali, ya fito a Afrilu 2022 a kan dala 199 kuma farashinsa ya faɗi sosai tun daga nan. Mazauninsa a madabod, AM4, ya daɗe a kasuwa tun 2016, madabod ɗinsa da ram DDR4 suna ko'ina, sababbi da na hannu. Da don wasannin kwamfuta ne, ko aikin ofis, ko Photoshop da CorelDRAW na masu buga kati da kalanda, da shi zan ce a saya ba tare da dogon tunani ba. Na haɗa wa mutane da yawa shi, suna jin daɗinsa. Amma ba shi da abin da zai warware 4:2:2. Zai fi i7-4790 nesa ba kusa ba, zai iya jan bidiyo guda da ƙarfin ƙwayoyinsa, amma da an jera kyamara biyu a kan layi ɗaya, an ɗora gyaran launi, za a koma gidan jiya.

Wani kuma ya fito da Core i5-13400F, ya ce: "Alhaji, wannan ai Intel ne, kuma tunda kuna da katin girafik, me za ku yi da wanda ba F ba? Asarar kuɗi ce." A nan ne tarkon yake, kuma ɗan kasuwar ba da mugun nufi ya faɗa ba, shawarar da ake bai wa masu wasanni ce ya maimaita. Harafin F yana nufin an kashe injin hoton da ke jikin furosesan. Quick Sync kuwa a cikin wannan injin yake zaune. Bambancin farashin 13400 da 13400F a lokacin fitowarsu dala 25 ne: 221 da 196. Haka yake tsakanin 12400 da 12400F, 192 da 167. Don tsimin dala 25, da sutudiyon ya sayi sabuwar kwamfuta wadda ba ta da abu ɗaya tak da aka fito nema. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a nan ba ingancin kayan ne matsala ba. Kaya ne mai kyau wanda aka yi don wani aikin.

Zaɓin da ya fi ba ni wahalar ajiyewa shi ne na AM5, sabon mazaunin AMD. Ryzen 5 7600 ya fito a Janairu 2023 a kan dala 229, wat 65, ƙwayoyi 6 masu sauri, ga kuma Ryzen 7 7700 mai ƙwayoyi 8 a sama da shi. Ba su da zafin rai wajen cin wuta, kuma AMD ya yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesa a wannan mazauni har 2027 ko fiye. Mazaunin Intel na LGA1700 kuwa ya zo ƙarshe: a Oktoba 2024 sabon jerin Core Ultra 200S ya koma LGA1851. Wanda ya sayi AM5 zai iya cire furosesa ya sa sabo bayan shekaru ba tare da taɓa madabod ba. Wannan daraja ce ta gaske. Sai dai AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, madabod ɗinsa ya fi tsada, ƙaramin injin hoton da ke jikinsa kuma shi ma bai san 4:2:2 ba. Sannan a abin da nake gani a sana'ata, masu shaguna irin wannan ba kasafai suke canza furosesa shi kaɗai ba. Sukan yi aiki da kwamfuta har ta gaji, su sayar da ita ɗungurungum ko su mayar da ita ta biyu, su haɗa wata. Biyan kuɗi yau don canjin da wataƙila ba za a yi ba, alhali matsalar yau tana nan, bai kwanta mini ba.

Wanda aka saya

Muka tsaya a kan Core i5-13500. Ya fito a Janairu 2023 a kan dala 232. Yana da manyan ƙwayoyi 6 da ƙanana 8, jimla 14, zare 20, yana kaiwa 4.8GHz, da fanka a kwali. Abin da ya ja hankalina shi ne tazarar da ke tsakaninsa da 13400: dala 11 kacal a farashin kamfani, amma ta sayo ƙarin ƙananan ƙwayoyi 4, da injin hoto UHD 770 a maimakon UHD 730. Na farkon yana da sassan sarrafa bidiyo biyu, na biyun ɗaya. Ga mai tace bidiyon kyamara biyu, ban san wata dala 11 da ta fi wannan amfani a duk jerin ba. Kuma a jerin furosesoshin da Intel ya tsawaita wa garanti saboda waccan matsala, na i5 sun fara ne daga 13600K. 13500 ba ya ciki.

Tazararsa da i9 dala 357 ce. A lokacin dala ta haura naira 1,500, bayan sakin naira da aka yi a Yuni 2023. Ke nan fiye da naira dubu ɗari biyar a kan furosesa kaɗai, kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, kafin kuma a lissafa rarar da aka samu a madabod, da na'urar sanyaya, da fawa fak.

Yadda aka kashe wannan rara shi ne, a ganina, rabin nasarar aikin. An ɗauki madabod B760 mai karɓar DDR4 da ramuka huɗu na ram. Mun ƙi H610 duk da arahar sa, saboda ramukansa biyu ne, sashen wutarsa kuma a yawancin samfura ba ya jure dogon aiki mai nauyi. An sa ram 32GB, sanda biyu na 16, don su yi aiki a layi biyu, aka bar ramuka biyu don gaba. An sayi SSD irin NVMe guda biyu, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, ɗaya na Windows da manhajoji, ɗaya na aikin da ake kai, don a da daga faifan ajiya na waje mai juyawa yaron ke tacewa kai tsaye, wanda shi ma yana da hannu a jinkirin. Fankar kwali mun ajiye ta, aka sa matsakaiciya mai hasumiya ta iska, wadda ba ta da abin lalacewa sai fanka guda da ake samu a kowane shago. An sayi fawa fak na kamfanin da aka sani, ba irin marasa nauyi da ke zuwa da akwati ba. Ragowar kuɗin ya tafi ga ƙarin batir. Katin GTX 1660 Super kuwa aka ciro shi daga tsohuwar aka mayar cikin sabuwar.

Wurin saye na nace a kan abu uku. A kawo na kwali mai hatimi, ba tsirara a cikin roba ba. A haɗa a kunna a gabanmu, a buɗe manhajar CPU-Z a ga sunan da adadin ƙwayoyin sun dace da abin da aka rubuta a murfi. A kuma haska tocila cikin mazaunin madabod kafin a ɗora komai, domin a tsarin LGA allurai a jikin madabod suke, guda ɗaya ta lanƙwashe ta isa ta kashe ramin ram, kuma da ka fita daga shago ba mai yarda ba kai ka lanƙwasa ta ba.

Da aka kai shago aka kunna, aka buɗe wancan aikin na dina, sai hoton ya ci gaba da tsayawa, ko da yake ba kamar da ba. Fuskar mai shagon ta canza. Yaron ya dube shi ya ce: "Oga, ko dai i9 ɗin ne gaskiya?" Abin da ya faru shi ne madabod da yawa suna kashe injin hoton furosesa da kansu da zarar sun ga an soka katin hoto. Muka shiga BIOS, muka kunna zaɓin da ke barin su biyun su yi aiki tare, muka saka direban Intel, muka tabbatar an yi wa zaɓin Intel alama a saitin warware bidiyo na Premiere. Da aka sake kunnawa, Task Manager ya nuna injin hoto biyu. Layin warware bidiyo na Intel ya tashi, furosesa ya sauko ƙasa yana numfashi, 'yan rawa suka daidaita da kalangu. Na tabbata akwai shaguna da dama da suka sayi furosesan da ya dace amma wannan zaɓi yana kashe, suna zargin kayansu ba su da ƙarfi. Tun muna cikin BIOS ɗin muka sabunta shi, muka kuma rage iyakar wutar furosesan ƙasa da 154 don ɗakin da batir. A aikin tacewa yaron bai ji bambanci ba.

Abin da ya gyaru da abin da bai gyaru ba

Disamba ta wuce ba tare da aiki ya taru ba. Yaron yana jera kyamara biyu a 4K yana yanka kai tsaye, gajeren bidiyon ƙawaye yana fita kafin azahar ɗin washegari. Kwafin sauƙi ya daina zama dole a fayilolin R6.

Abu biyu sun rage. Na farko, cire ƙwayar hatsi daga hoton da aka ɗauka cikin duhu, kamar na kamu da ake yi a tsakar gida da daddare da fitila ɗaya. Wannan aiki har yanzu yana jan ƙafa, amma Task Manager ya nuna a fili cewa katin hoto mai 6GB ne ke cika, furosesa yana da sarari. Da i9 aka saya, da jinkirin yana nan yadda yake, kuɗin canza katin kuma babu.

Na biyu ya bayyana ne ranar da aka ɗauki hayar wani mai kyamara da Sony A7 IV don babban biki. Fayilolinsa suka zo suna tsayawa a sabuwar kwamfutar. Da muka duba, ya ɗauka ne a tsarin XAVC S mai bit 10 da 4:2:2, wanda H.264 ne, Quick Sync na ƙarni na 13 kuwa H.265 yake warwarewa a wannan tsarin launi, ban da H.264. A wannan aikin dole aka koma yin kwafi, ko da yake yanzu ƙwayoyi 14 ke yi ba 4 ba. Daga nan mai shagon ya kafa doka: duk wanda zai zo da Sony ya saita ta a XAVC HS, wanda H.265 ne, kafin ya danna ɗauka.

Lissafin nan na ƙarshen 2024 ne da kuma wannan kyamara. A farkon 2025 Nvidia ya fitar da jerin RTX 50, waɗanda ke warware 4:2:2 a H.264 da H.265 duka. Shagon da zai sayi ɗaya daga cikinsu ba ya bukatar Quick Sync don wannan aiki, kuma a wurinsa Ryzen 7 a kan AM5 ya dawo cikin zaɓi da ƙarfinsa. Mai sutudiyon namu yanzu katin yake tara wa kuɗi, kuma na ce masa idan lokacin ya yi ya kawo fayil guda na kamu da guda na Sony a filashi, mu gwada su a kan katin a shagon mai sayarwa kafin ya biya.